Haruffa Huɗu a Bangon Gabas

In ka tambayi mutanen ƙauyenmu wace ce Zlate Pustilnik, amsar da za ka samu ta danganta da ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Matar mai kanti za ta ce maka ita ce tsohuwar da ta taɓa korar keken doki da buhun garinta a kai, don kawai ya iso bayan ranar Juma'a ta faɗi, Asabar, ranar hutunmu da ba a aiki, ta riga ta shigo. Ma'aikatan gona, waɗanda ba Yahudawa ba, Doña Zlate suke kiranta, suna taɓa hula in sun hango ta, kuma sun rantse ko karen da ya fi kowane cizo a lardin Entre Ríos yakan sake hanya in ta fito da tsintsiya. Reb Aizik, wanda ke yanka mana dabbobi, kuma shi muke tambaya halal da haram tun da ba mu da babban malami, yakan ce mace ce mai tsoron Ubangiji. Sai ya ƙara da cewa iyakar wanda take tsoro ke nan. Ƙaninta Naum kuwa hannu biyu kawai yake ɗagawa sama.

Majami'armu ɗaki guda ce a bakin gonakin alkama, ta jan tubali da laka, da rufin kwano. Uban su Zlate da Naum na cikin waɗanda suka gina ta a shekarar da suka sauka daga Rasha, tun kafin su yi wa kansu ɗakunan kwana na kirki. Katako ya raba ta biyu, gaba na maza, baya na mata, da 'yar taga a tsakani. A bayan wannan katako Zlate ta yi ƙuruciyarta, a nan ta zauna da goyo, a nan ta zauna da baƙin mayafi bayan mijinta ya rasu. Mabuɗin ƙofar a wuyanta yake rataye. Kowace Alhamis ita ke shara, ita ke goge fitilu, ita ke korar tantabaru daga ƙarƙashin kwano.

Sai samari suka fara tafiya Buenos Aires. Wanda ya tafi karatu ya zama likita bai dawo ba, wanda ya tafi ziyara ya buɗe kanti. Maza goma da ake buƙata kafin a yi jam'in addu'a suka fara wuya. An yi ta aron tsofaffi daga ƙauyen gaba, har su ma suka ƙare.

Wata ranar Laraba Naum ya shigo kicin ɗinta bai cire takalmi ba. Shi ne shugaban kwamitin jama'a a lokacin. Ta miƙa masa ƙoƙon mate, shayin ganye na ƙasar nan, ya zuƙa, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Yaya, kwamiti ya zauna."

"Ai ba abin da ya iya sai zama."

"Za a kai littattafan Attaura majami'ar cikin gari. Ginin kuma za a sauke shi."

Zlate ta ci gaba da murza ƙullin burodi kamar ba da ita ake ba.

"Katangar maƙabarta ta zube ta arewa," in ji shi. "Shanu na kiwo a kan kabarin Baba. Tubalin nan zai rufe wajen tsaf, kwanon kuma a rufa ɗakin wankan gawa."

"Baban ne ya aiko maka yana son tubalinsa a kansa?"

"Haba Yaya. Gini ba mutane, me za a yi da shi? A bar shi ɓeraye su gaje shi? Mu nawa muka rage? Mu shida ne, in an haɗa da Motl da ba ya iya tashi daga gado."

"Ni fa?"

"Ke ma kin san ba a ƙirga ki."

Bai faɗe ta da mugunta ba. Ya faɗe ta ne yadda mutum zai ce gobe Alhamis, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta karɓe ƙoƙon daga hannunsa tun bai gama sha ba, ta nuna masa ƙofa da haɓa.

Ranar Lahadi aka zo ɗaukar Attaura. Ita da kanta ta buɗe musu, don ba ta ja da littafin ba. Ta tsaya ta ga an naɗe su cikin mayafan addu'a, an rungume su kamar jarirai, an hau mota da su. Da Naum ya miƙo hannu don mabuɗi, ta mayar da shi cikin rigarta.

"Jibi za mu zo da guduma," ya ce. "Da mabuɗi ko babu."

A gidajenmu ba a rubuta Sunan Ubangiji cikakke. Yaro tun yana koyon riƙe alƙalami ake nuna masa ya sa harafi ɗaya da ɗan ɗigo a sama ya wuce. Ko da Sifaniyanci mutum yake rubutu, yakan bar gurbi a tsakiyar kalmar ya ja ɗan layi. Takarda ba ta da tabbas, yau tana kan tebur, gobe an naɗe ƙwai da ita, jibi tana cikin murhu. Shi kuwa Sunan, in har ya sauka cikakke a kan wani abu, to ya zauna. Ba a goge shi, ba a ƙona shi, ba a fasa abin da yake kai. In littafi ya tsufa, kai shi maƙabarta ake yi a binne kamar mutum. Zlate ta san wannan tun kafin ta san girki. Duk tsawon rayuwarta hannunta bai taɓa haɗa haruffa huɗun Sunan a jere ba.

Ranar Talata, da ta gama tatsar saniyarta, ta dama farar ƙasa a bokiti, ta juye duk bular wankin da ke gidan a ciki har ta yi shuɗi mai duhu. Ta ɗauki buroshin shafe, ta saɓa tsani, ta nufi majami'a. Ta wuce katakon nan ta shiga ɓangaren maza, inda ba ta taɓa taka ƙafa ba sai da tsintsiya a hannu. Bangon gabas yana gabanta, fari tas, da gurbin da ake ajiye Attaura a gefe, wayam.

Tana budurwa wani marubuci ya taɓa zuwa daga birni gyaran littafin. Ta 'yar tagar mata ta kalle shi yana aiki, ta ga duk sa'ad da ya zo kan Sunan sai ya dakata, ya faɗa a fili cewa don tsarkin Sunan yake rubutawa, sannan ya tsoma alƙalami. Ba ta manta ba. Ta wanke hannu, ta buɗe littafin addu'arta ta ɗora a kan benci, ta hau tsani. Ta faɗi abin da marubucin ya faɗa, da ƙarfi, muryarta ta dawo mata daga bango. Sannan ta ja layin farko.

Kowane harafi ya fi tsayin mutum. Daga wannan kusurwa har waccan ta cika bangon.

Hantsi ya ɗaga sa'ad da suka iso, Naum da Reb Aizik da Eulogio, ma'aikacin gonar Naum, da guduma a kafaɗa. Suka tarar da ƙofa a buɗe. Zlate na zaune a bencin gaba, wurin da ubansu yakan zauna, hannayenta shuɗi har gwiwa.

Reb Aizik ne ya fara ɗaga kai. Ya ja da baya har ya yi karo da Eulogio, ya rufe idonsa da tafin hannu.

"Wayyo ni! Wayyo! Zlate, me kika yi?"

"Ka iya karatu, Reb Aizik."

"Kin faɗi niyya kafin ki rubuta? Ki gaya mini ba ki faɗa ba."

"Na faɗa. Har tantabaru sun ji."

Tsohon ya zauna daɓas a kan benci. Naum ya dubi bangon, ya dubi yayarsa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Farar ƙasa ce kawai da bula. A kawo ruwa da tsumma."

"Ka taɓa shi ka gani in zan ƙara yanka maka ko kaza," in ji Reb Aizik. "Ba a wankewa, ba a kankarewa, ba a shafa wani fenti a kai."

"To Eulogio ai ba Bayahude ba ne," in ji Naum.

"Hannun da ka aika hannunka ne."

Eulogio ya sauke gudumarsa ya jingine a ƙofa. "Don Naum, ni ban san abin da aka rubuta a nan ba. Amma na ga fuskar tsohon nan. Ba ni ba bangon nan."

"Sai a yanke wurin a kai maƙabarta a binne," in ji Naum. "Ai ana yi."

Reb Aizik ya tashi ya je ya dafa bangon a inda babu rubutu, ya girgiza kai. Da laka aka ɗora tubalin, ya ce, ana sa ƙarfe zai tsage, tsagar kuma ta cikin haruffan za ta bi. Da ƙanana ne da an gwada. Ya juyo ya dubi Zlate, ya gane da gangan ta yi su manya.

"Ke yanzu ba ki ji kunya ba?" in ji Reb Aizik. "Haba! Sunan da kakanninki suka ƙi rubutawa don girmansa, shi kika mayar kwaɗon ƙofa? Wannan sai kin nemi gafara a gaban jama'a."

"Wace jama'a? Ku shida? Ba ku kai jam'i ba."

Eulogio ya juya baya yana tari. Naum bai yi dariya ba. Ya zagaya ɗakin a hankali, hannunsa a aljihu, yana duban sauran bangayen. Tun suna yara Zlate ta san wannan tafiyar tasa, kuma ba ta taɓa haifar da alheri ba.

"Reb Aizik, bangon da ba a rubuta komai a kansa ba fa?"

Tsohon ya ja gemunsa. "Wannan babu hani."

"Rufin fa?"

"Naum, ka ji tsoro. Ruwan sama fa?"

"Ruwa ba ni ke saukar da shi ba. Mai Sunan ne. Ni dai hannuna ba zai taɓa harafi ko ɗaya ba." Ya juya ga yayarsa. "Sai dai in Yaya ta ce ta yi kuskure, mu zauna mu san yadda za a yi."

"Ka fara aikinka," in ji Zlate. "Rana na yi."

Reb Aizik ya fita yana magana shi kaɗai, bai waiwayo ba.

Daga kwano suka fara. Zlate ta fitar da kujera ta zauna a inuwar bishiyar turare, ta kalli ana zare ƙusoshin da ubanta ya buga. Da aka ɗaga kwanon farko, rana ta faɗa ciki, ta sauka a kan shuɗin haruffan. A nan ne ta gane abin da ta manta. Ta yi tunanin guduma, ta yi tunanin tsumma, ta yi tunanin Eulogio, duk ta toshe. Ba ta taɓa tunanin sama ba. Farar ƙasa da bula ba sa tsayawa gaban ruwa, kowace mace mai shanya ta san haka. Amma fuskarta ba ta nuna komai ba. Da Naum ya leƙo daga saman azara, har hannu ta ɗaga masa.

Kafin mako ya zagayo, katakon mata ya tafi, bango uku sun tafi. Saura bangon gabas shi kaɗai a tsaye a fili, da Sunan a jikinsa, ana hango shi tun daga hanyar jirgin ƙasa. Masu wucewa daga cikinmu sukan sunkuyar da kai su ƙara sauri. Matan da suka saba zuwa shan mate wurinta suka ɗauke ƙafa. Ita kuwa ta tare a gindin bangon da kujerarta da sandarta. Saniya ta zo za ta soshe jiki, ta kore ta. Kare ya zo yana sansana, ta jefe shi. Tantabarun da suka rasa gida suna sauka a saman bangon, ta ɗaura tsumma a gora tana kaɗa su, kada su ɓata haruffan. Da safe kafin ta duba saniyarta, sama take dubawa.

Naum na wucewa da keken doki yana kwasar tubali. Duk wucewa sai ya tsaya.

"Yaya, kalma ɗaya ce fa."

"Dokinka ya rame. Ka riƙa ba shi abinci."

Kwanon da azara ya bari a ƙarshe, a jibge a gefen hanya. Ranar da ya zo ɗaukarsu gari ya wayi da wani irin zafi mai nauyi, iska ta tsaya cak, ƙudaje sun addabi kowa. Da rana ta karkata, hadari ya taso daga kudu maso yamma, baƙi ƙirin, daidai inda fuskar rubutun ke kallo. Zlate ta ruga gida ta yaye ledar teburinta, ta dawo ta hau tsani. Ledar ko harafi ɗaya ba ta rufe ba, iskar farko kuma ta fizge ta daga hannunta ta yi cikin alkama da ita.

Ta sauko. Naum da Eulogio sun gama lodi, keken ya hau hanya. Ba ta kira shi ba. Ta tattare siket ɗinta ta yanke ta cikin ciyawa, ta fito gaban dokin, ta cafke linzami da hannu biyu. Dokin ya yi turjiya, kwanon ya yi ƙara.

"Ke Yaya! So kike ya take ki?"

"Sauke kwanon nan."

"Ki ce kin yi kuskure."

"Sauke kwanon nan, Naum."

"Kalma ɗaya! Ni ma ina da fuska a garin nan. Kin mayar da ni abin dariya a gaban kwamiti, a gaban ma'aikacina."

"Da ma can abin dariya ne kai, tun kana yawo ba wando. Ni na goye ka, ni na share maka hanci, yau ni ce ba a ƙirgawa? To ban saki dokin nan ba. Ka bi ta kaina, ka kai ni maƙabartar tare da kwanon, ka ga an huta."

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano kamar an jefa tsakuwa. Na biyu, na uku. Naum ba mutumin addu'a ba ne sosai, kowa ya san yakan ci gasasshen naman maƙwabta bai tambayi wanda ya yanka ba. Amma ya waiwaya ya dubi bangon, ya ga wani ɗigo ya sauka a kan harafin farko, shuɗin wurin ya yi duhu, ya fara gangarowa siriri kamar zare. Zlate ta ga leɓensa ya yi fari.

"Eulogio! Juya keken! Juya, don ubanka!"

Ba su tsaya haƙa rami ba. Suka jingina azara a saman bangon, gindinsu a ƙasa, suka danne da ragowar fasassun tubali. Naum na sama yana buga ƙusa, Eulogio na miƙa masa kwano, iska na neman ɗauke su duka. Zlate ta rungume gindin tsanin da duk ƙarfinta, ruwa na dukan bayanta, tana yi masa ihu.

"Hagu! Hagunka, kurma! Na ƙarshen yana jiƙa!"

"Na gani! Ki riƙe tsani ki bar ni!"

"Ƙusa biyu ka sa, ba ɗaya ba! Aikin ganin ido!"

Kwano na ƙarshe na hawa, sama ta ɓalle gaba ɗaya. Su uku suka shige ƙarƙashin rumfar, a matse, ruwa na zuba daga gashinsu. Ƙarar kwanon ta hana magana na ɗan lokaci. Eulogio ya tsuguna a can ƙarshe yana ƙoƙarin kunna jiƙaƙƙiyar taba. Zlate ta bi haruffan da ido ɗaya bayan ɗaya. Suna nan, ana karanta su. Na farkon ne kawai ya zubar da ɗan zaren nan har ƙasa, na ƙarshen kuma ƙafarsa ta ɗan dushe.

Naum ya matse hularsa. Ya tsaga babban yatsa da guduma, yana tsotsa.

"Wannan rumfar ba za ta kai hunturu ba," ya ce. "In ba a toshe gefe ba, iska za ta shiga ta ɗaga ta."

"To ka dawo da tubalin."

"An riga an fara ginin katanga."

"Ka dawo da wanda ba a ɗora ba."

"Na gefe ɗaya."

"Biyu."

"Ɗaya da rabi, Yaya, kuma ba katako a tsakiya, don babu wurinsa." Ya tofar da jini. "Yanzu dai kin samu abin da kike so. Ko yanzu ba za ki ce a yi haƙuri ba?"

"Kai? Ka jira har gemunka ya taɓa ƙasa."

Ta juya masa baya. Ta gyara jiƙaƙƙen ɗankwalinta ya rufe gashinta sosai, ta goge hannu a siket, ta matsa kusa da bangon har numfashinta na taɓa shi. Ba ta taɓa haruffan ba. Ta dubi zaren shuɗin nan da ya gangaro. Tsawon shekarunta a bayan katako, raɗa take yi in tana addu'a. Wannan karon ta ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar kwano.

"Ranka ya daɗe, ni ce Zlate 'yar Hersh. Ni na rubuta Ka a nan, ba wanda ya sa ni. Na rasa mai tsaya mini, na sa Ka gadin tubali, na bar Ka a rana, na bar Ka a ruwa. Ginin ban yi nadamarsa ba, kada in yi Maka ƙarya. Amma abin da na yi da Sunanka bai dace ba. Ka yi haƙuri. Ka yafe mini."